Takalmin da Dogo Ya Ɓoye

Ranar da Dogo ya fara shiga ɗakin awo na cibiyar horar da 'yan wasa, budurwar da ya tarar a ciki ko fuskarsa ba ta kalla ba. Sallamarsa kawai ta amsa, ta miƙo hannu.

"Cire takalmin ka ba ni."

Dogo ya yi sororo. Kocinsa ya ce masa za a ɗora shi a kan injin gudu, a liƙa masa wayoyi a ƙirji, a auna numfashinsa. Ba wanda ya ce masa tun daga bakin ƙofa za a raba shi da kambas ɗinsa.

"Ranki ya daɗe, laifin me ya yi?"

Ta kifa takalmin a kan tebur, ta bi ƙasansa da babban yatsa tun daga dunduniya har baki.

"Gudun dogon zango kake yi. Da tsakiyar ƙafa kake sauka. Kuma kullum hagu kake zagaya fili."

"Malama, ai duk duniya hagu ake zagaya fili."

"To da ma na ce maka duba nake yi?"

Sai a lokacin ta ɗago, dariya na neman ƙwace mata. Bawan Allah, mutumin da ke gudun mita dubu biyar ba tare da ya yi haki ba, ranar sai ga bugun zuciyarsa ya haura tun kafin a kunna inji. Ta kalli allon kwamfuta, ta kalle shi, ta ce ya zauna ya huce tukuna.

Malamar Awo 'yan wasa ke ce mata. Shi kuwa cikin mako biyu ya mayar da ita Malamata, kuma ba ta hana ba.

Wata rana bayan atisaye, suna zaune a kan matakalar 'yan kallo, ya tambaye ta yadda aka yi mace kamarta ta ƙare a cikin warin safa da gumin ƙarti.

"Babana mai gyaran takalma ne," ta ce. "Shagonsa bai fi tabarma biyu ba. Ina 'yar shekara bakwai nake zama kusa da shi ina miƙa masa gam da basilla. Sai ya ɗauki takalmi ya ce, mai wannan a kafaɗar dama yake ɗaukar kaya. Ko ya ce, matar nan gwiwarta na damunta. In mai takalmin ya zo, wallahi sai ka ga haka ne."

"Ke kuma sai kika ce sihiri ne."

"A'a, cewa na yi, Baba me ya sa? Na ishe shi da me ya sa. Ran nan ya gaji ya ce, ke 'yar nan, ni gani kawai na iya, dalilin sai ki je makaranta ki tambayo mana. Shi ne na je na karanta kimiyyar wasanni. Har yau tambayowa nake yi."

Dogo ya daɗe yana kallonta. Da ya koma gida ya tura mata saƙo:

"Malamata, ni ban taɓa tambayar me ya sa ba a rayuwata, gudu kawai nake yi. Yau na tambayi kaina me ya sa nake ƙosawa ranar awo ta zo. Amsar ba ta yi min wuya ba."

Ta amsa:

"Dogona, ka sha ruwa da yawa, ka kwanta da wuri. Sauran maganar kuma ka zo ka faɗa min baki da baki, in ga ko za ka iya."

Ya iya ɗin. Wata shida soyayya ta yi ta tafiya lami lafiya, har aka sanar da gasar tantancewa. Mutum biyu kacal za a ɗauka zuwa tawagar ƙasa a mita dubu biyar. Dogo na da shekara ashirin da bakwai, sau biyu yana zuwa na uku a irin wannan gasa. Kowa a cibiyar ya san in bai samu bana ba, to ta wuce shi.

Daga nan ne ya fara zuwa awo da sabon takalmi.

Dokarta ce kowane ɗan wasa ya zo mata da takalmin da yake atisaye da shi, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Amma in ta tambayi Dogo sai ya ce ya wanke bai bushe ba, ko ya manta shi a gida. Sai ya kawo wata barkwanci, ta yi dariya, a wuce wurin. Ko da injin ya nuna ƙafarsa ta hagu ba ta daɗewa a ƙasa kamar ta dama, ta ce a ranta bambancin kaɗan ne, wataƙila sabon takalmin ne. Da a ce wani ne ba Dogo ba, da tuni ta tsare shi da tambaya. So hana ganin laifi.

A cikin waɗannan makonnin ne ya fara zuwa gaida iyayenta. Sau uku ya je. Ya gaida Umma cikin ladabi, ya zauna da Baba suka taɓa hira. Umma dai ba ta sake ba, don ita tun tuni ɗan ƙawarta mai kantin magani take wa 'yarta sha'awa.

"Yanzu gudu sana'a ce? In an tambaye ni me surukina yake yi, in ce yana zagaya fili?"

Malamar Awo ba ta damu da wannan ba, ta san Umma da faɗan baki. Shirun Baba ne ya tsorata ta. Bayan zuwa na uku ya kira ta, yana zaune yana goge tabaransa.

"Sau uku yaron nan yana zuwa gidan nan, sau uku da sabon takalmi."

"Baba, ai girmama ka yake yi."

"Na gode masa. A wurin aiki fa, yaushe rabon da ki ga ƙasan takalmin da yake gudu da shi?"

Ta lissafa a ranta. Wata biyu ke nan da ɗoriya.

"Mutumin da ya san sana'ata, ya san taki, yake ɓoye mana tsohon takalmi, akwai abin da ba ya so mu gani. Ban ce na hana shi ke ba. Ya kawo min takalmin da yake gudu da shi, sannan a yi maganar aure."

Ta shiga ɗaki, ta rubuta masa:

"Dogona, Baba yana son ganin takalmin atisayenka. Ni ma ina so. Don Allah gobe."

Sai bayan awa guda amsa ta zo:

"Haba Malamata, in kai wa surukina tsumma? Bari a gama gasar, zan kai masa har da lambar yabo a ciki."

Kwana tara ya rage gasar. Washegari da sassafe ta tafi filin ba tare da ta gaya masa ba, ta laɓe ta bayan matakala. Ya gama zagayensa tsaf, yana dariya da abokin atisayensa, wani matashi da ake kira Auta, wanda bai taɓa riga Dogo kai layi ba. Sai da kowa ya watse ya zagayo bayan matakalar, ya zube ƙasa, ya cire takalmansa, ya riƙe ƙwaurinsa na hagu da hannu biyu yana cije leɓe.

Bai ji zuwanta ba sai da ta ɗauki takalman.

Na dama ya cinye sosai, kamar shi kaɗai yake aiki. Na hagu kuwa gefen waje kawai ya suɗe, cikin yana nan da zanensa. Ta durƙusa ta ɗora yatsa a kan ƙashin ƙwaurinsa, tana dannawa a hankali tana gangarowa. Da ta iso wani wuri da bai fi faɗin yatsa ba, Dogo ya yi ƙara ya fizge ƙafar.

"Tun yaushe?"

"Tsoka ce kawai..."

"Tsoka ba ta ciwo a wuri ɗaya kamar an kafa ƙusa. Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Wata uku. Ina shan maganin kashe zafi kafin in zo wurinki."

Ta miƙe da takalman biyu a hannu. Kuka take son yi, amma tsoro ya hana. Kai tsaye ta wuce shagon Baba, ta ajiye su a gabansa.

"Baba, ka duba ka ce min kuskure na yi."

Tsohon ya juya su, ya kanga su ga haske.

"Ƙafar hagun nan tsoron ƙasa take yi, 'yar nan. Ta daɗe tana yi."

Likitan cibiyar ya sa aka ɗauki hoton ƙashi a ranar. Hoton ya fito fes, babu komai. Koci ya daki tebur yana dariya.

"Kun gani ko? Shekara tara ina gina yaron nan, za a rushe min shi da ilimin shumeka!"

Likita ya ja ta gefe. "Kin san irin tsagewar ƙashin da kike zargi ba kullum take fita a hoton farko ba. Sikanin, wato hoton babbar na'urar da ke gani har cikin ƙashi, shi ne zai raba gardama, kuma na tambaya, ba za mu samu layi ba sai kwana uku bayan gasar. Takardar awonki ce a gabana. In kika sa kore, zan sake shi ya yi gudu. In kika sa ja, dole in tsayar da shi. Ki kawo min ita gobe."

Wato ba ta da wata hujja sai tsohon takalmi da yatsanta. In ta sa ja kuma ya zamana tsoka ce, ta kashe masa burin rayuwarsa a banza, kuma ba ta ga ta inda zai sake kallonta ba. In ta sa kore ƙashin ya ɓalle a tsakiyar fili, da hannunta ta aika shi.

Da yamma Dogo ya same ta a ɗakin awo, takardar na gabanta, biro biyu a gefe.

"Malamata, minti goma sha huɗu kawai nake roƙonki. Bayan nan ki sa min filasta har wuya, ba zan ce uffan ba."

"In ya karye fa?"

"In bai karye ba fa? Hoto ya ce lafiyata ƙalau. Ke kin fi hoto ne?"

"Ban sani ba," ta ce. "Wallahi ban sani ba, Dogo. Abin da na sani, da Auta ne ya zo min da wannan takalmin, ko minti ɗaya ba zan yi ba zan sa ja. Wata biyu ina yi maka abin da ba na yi wa kowa, shi ya kawo mu nan."

"In kina sona ba za ki yi min haka ba."

Ta ɗauki jan biro. Hawaye ya sa da ƙyar take ganin layin, amma ta ja shi a gabansa, ta sa hannu.

Dogo ya kalli takardar, ya kalle ta. Ya fita bai ko rufe ƙofar ba.

Aka yi gasa, Auta ya zo na biyu, ya samu gurbin. Saurin da ya yi ma bai kai wanda Dogo ke yi a atisaye ba, kuma ba wanda bai lura da haka ba. A cibiyar 'yan wasa suka rage gaishe ta. Koci in ya hango ta sai ya canza hanya. Ta tura wa Dogo saƙo uku, na ƙarshen ya ce:

"Ko zagina ne ka yi, in dai zan ji muryarka."

Shiru kamar an aiki bawa garinsu.

A gida kuma Umma ta samu ƙofa. "To ga shi nan, tun ba a je ko'ina ba ya nuna hali. Ɗan ƙawata har yanzu yana tambayarki, yaro mai natsuwa, yana zaune wuri ɗaya."

"Umma, don Allah ki bar ni in ji da abu ɗaya."

Ranar da sakamakon sikanin zai fito, tun kafin likita ya iso take tsaye a ƙofar ofishinsa. Ya kunna allo ya nuna mata wani siririn layi kamar gashi a jikin ƙashin.

"Ga ta nan. Ta kusa kai rabi."

Ta zauna, idonta a kan allon. "Da ya yi gudun, zai karye?"

"Zai iya gamawa lafiya. Zai iya ɓallewa a zagaye na biyar, mu kwashe shi zuwa tiyata. Wannan kam ba mai iya gaya miki."

Ta so a ce likita ya ce tabbas zai karye, ko ta samu abin riƙewa. Bai ce ba. An kira Dogo an gaya masa, an ba shi sanduna da hutun wata uku. Duk da haka bai neme ta ba. Mako uku tana kwana tana tashi da waya a hannu, har ta rame, har Umma da kanta ta daina zancen mai kantin magani.

Wata Asabar Umma ta aike ta kai wa Baba abincin rana. Tun daga nesa ta hango sanduna biyu jingine a bakin shagon. Ta tsaya cak, kwanon ya kusa suɓuce mata.

Dogo ne zaune a kan ɗan bencin da take zama tana yarinya, ƙafa a miƙe, takalmin wata mata a hannunsa.

"Wannan ƙugunta ne ko gwiwa, Baba?"

"Kai dai duba da kyau. Ina ya fi cinyewa?"

Baba ne ya fara ganinta. Ya karɓi kwanon, ya ce shi kam yau a shagon maƙwabcinsa zai ci, ya fice yana gyaran murya.

"Kwana goma sha biyu ke nan ina zuwa," Dogo ya ce, bai iya haɗa ido da ita ba. "Takalmina na zo karɓa, a fusace. Na ce masa ya nuna min abin da kuka gani da har ya fi hoto. Ya nuna min. Sai na ce, me ya sa? Ya ce in je in tambayi 'yarsa, ita aka aika makaranta."

"Shi ne ba ka tambaye ni ba."

"Kunya, Malamata. Na yi miki ƙarya wata uku, sannan na ce in kina sona ki taya ni. Da wane baki zan kira ki?"

"Ka san me ka yi min a makonnin nan?"

"Na sani. Ki yafe min."

Sai a nan kukan da ta daɗe tana riƙewa ya ƙwace. Ya bar ta ta yi mai isarta. Da ta lafa, ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙa mata. Fom ne na shiga kwas ɗin kimiyyar wasanni na yamma, ya cike komai da babban rubutunsa.

"Shekara tara ina hawa ƙafafun nan, ban san sunan ƙashi ko ɗaya a ciki ba. Za ki taimaka min da lissafi? Rabona da shi tun sakandare."

Ta share ido tana dariya. "Za ka sha wuya."

Baba ya ba da ita a makon. Umma ta ce to yanzu ta samu abin faɗa wa ƙawaye, surukinta ɗalibin kimiyya ne.

Ana saura kwana biyu ɗaurin aure aka nuna babbar gasar a talabijin, Auta sanye da rigar tawagar ƙasa. Amarya na cikin 'yan uwa ana ta hidima, amma hankalinta na can. Ta san Dogo yana kallo. Ta san rigar nan tasa ce da ba don jan bironta ba, kuma har ranar ba ta taɓa samun ƙarfin tambayarsa ko abin ya bar ransa ba. Aka gama tseren, minti goma, minti ashirin, waya shiru. Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ta zauna tana kallon wayar.

Sai ga saƙo:

"Malamata, na kalla. Ba zan ɓoye miki ba, da aka kira sunansa na yi kuka, kuma ina jin zan daɗe ina jin zafin nan. Amma a zagaye na takwas na ga yana jefa ƙafar dama waje in ya gaji. Ban san lokacin da na ɗauki biro na rubuta ba. Yanzu na gama waya da Koci, na ce in sun dawo a kawo miki shi. Kin gama da ni, ko kallon gudu na daina iyawa kamar mutane. Jibi ki zo da wuri."

Ta karanta sau uku, ta kifa fuska a kan filo tana kuka tana dariya, har ƙannen Umma suka fara buga ƙofa suna tambayar ko lafiya.

Aka ɗaura aure ranar da aka sa, ango ya zo da ƙafafunsa biyu ba sanda. Da za a tafi da amarya, Baba ya sa aka kira su su biyu. Tsohon da bai saba doguwar magana ba ya riƙe hannun 'yarsa, ya riƙe na Dogo.

"Ke kin hana shi abin da ya fi so, kina tsoron rasa shi, kika hana. Kai kuma ka ji zafi, ka dawo. Ba ni da abin da zan ƙara muku. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari. In ɗayanku ya ji ciwo, Allah ya sa ɗayan ne zai fara sani."

Ɗakin ya amsa da amin. Ta Dogo ce ta fi ta kowa ƙarfi.